Gonar da Na Shafe Sau Huɗu

Tela, na yi jika! Mace ce, ranar Talata da hantsi, kuma ita da uwarta duk lafiya lau.

Af, ka ga ko sallama ban yi ba. Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da mai ɗakinka da yara. Yaya ƙafar nan taka da ke kumbura in ka daɗe a kan keken ɗinki? Da malaminmu na makarantar yamma yana raye, Allah ya jiƙansa, da ya ja mini kunne, don kullum cewa yake gaisuwa ce ƙofar wasiƙa. To yau ta taga na shigo, a yi mini afuwa.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da auren ɗana, wanda mutane ke ce wa Injiniya tun da ya dawo daga karatun noma. Shekara goma sha ɗaya tsohuwata, uwar Injiniya, tana ɗinka kayan jarirai tana kai wa jikokin wasu. Yau ga tamu. Na ce da tsohuwa ta tattara komatsanta, na yi sabuwar amarya. Ta ce amaryar da ba ta da haƙori ai ta dace da angon da nasa suka zube.

Amma bari in gaya maka abin da na yi ranar, don kai kaɗai ne za ka fahimta.

Ka san tun bara Injiniya ya karɓe makullin tarakta daga hannuna. Na yi baya ne da haro na fasa bututun ruwan rijiya. Sau ɗaya, Tela, a shekara talatin da huɗu. Ya ce idona ya yi yana, hannuna yana rawa, in zauna in huta. Haka kuma ya kwance ƙarfena daga bayan haro. Ka tuna shi, bututun nan mai kauri da ni da mai walda muka cika da siminti, muka ɗaura masa sarƙa guda uku a baya. Faya-fayan haro su yanka ƙasa su juya ta, bututu ya biyo ya danne hoge ya fasa, sarƙa ta zo ta shafe sawu. Shi ya sa ake ce mini Mai Sarƙa. Yaron nan ya jingine shi a gindin katanga, ya sayo wani abu mai kama da dogon kwando na ƙarfe da ke birgima a bayan haro. Kaji suka mai da ƙarfena wurin shan inuwa.

Ranar Talata yana cikin yi wa babbar gona haro, wadda zai zuba riɗi, aka kira shi naƙuda ta tashi. Ya diro ya bar makulli a jiki. Suka cika mota, shi da matarsa da tsohuwata da wata maƙwabciya. Na ɗauko hulata, aka ce ba wuri, Baba ka tsare gida. Na tsare gida ni da kaji.

Da tsohuwa ta bugo ta ce an sauka, mace ce, na rasa inda zan sa kaina. Na zaga tsakar gida ya fi sau goma. Kowa yana da abin da zai kai mata, ni ba ni da komai sai abin da na iya. Sai na tafi gona. Na cire kwandonsa, na dawo da tarakta gindin katanga, na kori kaji, na maƙala ƙarfena. Tela, da na kama sitiyari hannun nan ko motsi bai yi ba. Na bi gonar sau ɗaya ta yi kyau. Na sake bi a gicciye ta fi kyau. Na ce ta jikata ce, na ƙara na uku. Na huɗun kam ban san lokacin da na fara shi ba, waƙa nake yi. Da na tsaya na waiwaya, gonar ta zama kamar ƙyallen da ka goge da dutsen guga. Ko dunƙule ɗaya kamar ƙwan zabo ba ka samu.

Washegari suka dawo. Ya ga gona kafin ya gan ni. Ya tsuguna ya damƙi ƙasa, ta zube ta tsakanin yatsunsa. Ya ce, “Baba, wa ya ba ka makulli?” Na ce wanda ya bar shi. Ya ce, “Ka mai da ita gari.” Ya cire makulli ya sa a aljihu.

Wannan bai dame ni ba kamar abin da ya biyo. Na shiga ɗakin surukata, ɗan ƙaramin ɗakin nan mai taga ɗaya, an ja gado gefe an sa fanka. Jaririya tana hannunsa. Na goge tafina a riga, na miƙa hannu biyu. Ya dubi hannuna, ba fuskata ba, ya ce, “Bari dai, Baba, ga ta nan ka gani.” Ya sunkuyo da ita na leƙa. Maƙwabciya ta ɗauke ta. Ƙanwar surukata, wadda jiya-jiya ta daina wasan ƙasa, ta ɗauke ta. Har direban da ya kawo su an ɗora masa. Ni da na ɗauki ubanta yana tsumman goyo na zaga da shi a kan tarakta, leƙe aka ba ni.

Surukata ta sunkuyar da kai, yarinyar kirki ce. Amma zan jira. Jiya ya zuba riɗinsa, ya ce hadari na haɗuwa, ba lokacin gyara. In tsiro ya fito layi-layi a kan shimfiɗar da na yi masa, zai san hannun da ya yi wannan ba zai ya da jariri ba.

Hancinta nawa ne, duk abin da tsohuwa za ta ce. Ka gai da mutanen gida duka.

Naka tun a benci ɗaya,
Mai Sarƙa

*

Zuwa ga aminina Tela,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso da 'yar rigar da ka ɗinka, an gode, Allah ya bar zumunci. An sa mata, ta yi mata yawa kaɗan. Haka aka ce mini. Ta nesa na gani.

Amarya tana lafiya, tana tsotso, tana cika gida da kuka. In na ji kukan daga ɗakina sai in kama murmushi ni kaɗai kamar taɓaɓɓe. Wannan shi ne daɗin. Sauran takardar nan ba daɗi a ciki.

Kwana ɗaya bayan na aika maka waccan, ruwa ya sauko da la'asar. Ba yayyafi ba, irin wanda ke dukan ƙasa kamar da gayya. Bai fi sa'a ɗaya ba ya ɗauke. Sai rana ta buɗe kwana uku a jere, ko gajimare babu. Rana ta huɗu gonar maƙwabcinmu, wadda ko rabin gyaran tamu ba ta samu ba, ta yi kore shar. Tamu tana nan fara fat, tana ƙyalli, ta tsattsage kamar gindin tsohuwar tukunya.

Na je da wuƙata na ɓanɓare wuri ɗaya. Ɓawo ne, Tela, kaurinsa ya kai yatsa. Ruwa ya narkar da garin ƙasar nan ya zama kunun laka, rana ta gasa shi. A ƙarƙashi ga riɗin nan duk ya tsiro, fari sol, ya tanƙware wuya yana tura kai ya kasa fasawa. Na ɓanɓare wani wurin, haka. Na ɓanɓare goma, haka. Na zauna a ƙasa.

Abin da ke ci mini rai shi ne ba jahilci ba ne. Da jahilci ne da na ce ƙaddara. Ni na koya wa yaron nan da bakina, yana ɗan shekara goma sha biyu, cewa jar laka ba ta son a cika mata kwalliya, a bi ta sau ɗaya, in ta yi gardama sau biyu, a bar mata dunƙule ƙanana su tare mata dukan ruwa. Na sha zagin direbobi a kan wannan. Na sha cewa gona ba ɗakin amarya ba ce. Ranar nan duk na sani, amma murna ta hau mini kai, kuma ina so ya gani. Garin gyaran gira na tsokane ido.

Injiniya ya same ni a wurin. Da ya yi mini tsawa da ya fi mini sauƙi. Ya tsaya a kaina da hannu a aljihu ya ce, “Ka gani ko, Baba? Abin da nake gudu ke nan. Ba ka san inda za ka tsaya ba yanzu.” Na ce ya ba ni tarakta, in cire bututu in ja sarƙa kaɗai a hankali, ta farfasa ɓawon, tsiron yana da sauran kwana biyu ko uku. Ya ce tayar tarakta za ta murƙushe abin da sarƙa ta ceta. Gaskiyarsa ce, kuma wannan ma ni na koya masa. Ya ce zai bar ta mako guda ya sake yi mata haro ya sa wake, riɗin bana ya wuce. Irin nan shekara biyu yana tace shi da hannunsa, kai da kai, ba shi da saura ko cikin cokali.

Tun ranar, in na shiga ɗakin surukata sai ya tashi ya tsaya tsakanina da gado, kamar wanda ke gyara labule. Jiya na ji yana gaya wa uwarsa a madafa, “Inna, ki riƙa lura, kada a bar shi da ita shi kaɗai. Ba da mugunta yake yi ba, ɗoki ne ke ɗibarsa.” A bar shi. Kamar akuya da buhun hatsi. Tsohuwa ta ce masa ya ji tsoron Allah, ubansa ne. Amma da ta kawo mini abinci ba ta iya duban idona ba, na san ita ma ta fara auna maganar.

Ka tuna ranar da muka fara shiga aji, mu da furfura, yaran unguwa suna leƙe ta taga suna dariya muna kiran baƙaƙe? Na ce maka a kan yaron nan na zo, don kada ya kawo takarda daga makaranta in riƙe ta a juye. Na koyi karatu don kada ya ji kunyata. Ga shi ya yi karatun, kuma ba kunyata yake ji ba, tsorona yake ji. Ban san wanne ya fi ɗaci ba.

Na kwance sarƙa ɗaya daga jikin bututu, mafi sauƙin cikinsu. Na ɗaura ta a jikin wata gora mai tsawon taku uku, na sa igiya. Taya ce ke murƙushe tsiro, ƙafar tsoho ba ta da wannan nauyin. Gobe da sassafe, kafin raɓa ta bushe, zan gwada. Ban gaya wa kowa ba sai kai, kuma kafin ka karanta ka ce kada in yi, na riga na yi.

Ka sa mu a addu'a. A gai da mai ɗakinka.

Naka,
Mai Sarƙa

*

Aminina Tela,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk na tare da kai. Yaya ƙafa, yaya ɗinki? Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, mako uku ke nan. Ka kuma yi haƙuri da rubutun, layin yana gangarowa kamar kunyar sabon direba. Ba ni da hannun da zan danne takarda, kofin shayi na ɗora mata.

Na ja sarƙar. Na rataya igiya a kafaɗar hagu na shiga daga gefen gabas. Da farko kamar ba komai, tana bina tana ƙara, ɓawo yana farfashewa a bayana kamar ana taka ɓawon ƙwai. In na kai ƙarshe in juyo in tsuguna in duba. Wasu ta karya musu wuya, amma mafi yawa suna nan, sun samu iska. Ranar farko har azahar. Maƙwabcinmu ya tsaya a bakin iyaka ya ce, “Mai Sarƙa, man tarakta ne ya ƙare ko jaki ne ya yi tsada?” Na ce jakin ne ya tsufa aka sallame shi, yake ɗan ƙwadago.

Injiniya ya zo rana ta biyu. Ya ce, “Baba, don Allah ka bari, mutane suna kallo.” Na ce su kalla, lokacin da na ɓata ma sun kalla. Ya kama igiyar, na ce in ya isa ya fizge. Ya saki. Ya tsaya can gefe ya daɗe. Na ɗauka zai ce kawo in karɓe ka. Da ya faɗa da na ba shi, wallahi, don numfashina ya fara fita da ƙyar, kuma da ƙarfinsa da mun ci rabin gonar. Bai faɗa ba. Ni ma ban roƙa ba. Ka san mu.

Rana ta uku da hantsi sarƙa ta kama wani tsohon kututture da ke binne. Maimakon in koma in cire ta, sai na fizga da ƙarfi. Na ji wani abu ya ce ɗas a kafaɗata, igiya ta faɗi, hannun ya bi ta. Ban kai kashi ɗaya cikin huɗu na gonar ba.

Likitan ƙashi ya ɗauki hoto ya ce jijiyar da ke ɗaga hannu ce ta yage. Ya rataye mini shi a wuya da ƙyalle. Na ce yaushe zai tashi? Ya ce wata uku, wata huɗu, a shekaruna kuma ba ya alkawari. Ya tambayi me na ɗauka. Da na gaya masa sai ya cire tabarau ya dubi Injiniya. Yaron nan ya dubi bango.

Riɗin ya fito, Tela. Inda duk sarƙa ta bi ya fito, ba cikakke ba, da giɓi nan da can kamar bakina, amma ya fito, yanzu ya kai tsawon tafin hannu. Injiniya ya sake yi wa sauran haro ya sa wakensa. Da ya zo kan wurin nan sai ya ɗaga faya-fayai ya zagaye shi. Ta taga na gani. Zai samu irin da zai mayar baɗi. Bai ce mini an gode ba, ni ma ban ga abin godiya ba, wanda ya tona rami ya cike rubu'insa ba gwani ba ne.

Shekaranjiya da safe ina zaune a bakin gado ina fama da maɓallin riga, sai ga shi a ƙofa da ita a hannu. Shi kaɗai, ba uwarta, ba tsohuwa. An sa mata rigarka, yanzu ta yi mata daidai. Ya shigo ya tsaya a gabana. Ya ce, “Baba, ga amaryarka.” Ya miƙo ta.

Na aika wa hannun hagu saƙo, bai amsa ba. Na ɗaga na dama, yana rawa kamar ganye, ya fi kullum, don ya san abin da ake nema a wurinsa. Na kai shi ƙarƙashin kanta na ji ɗumin ƙeyarta. Da hannu ɗaya, mai rawa, ba mai tallafa masa. Na san in na ce sake ta zai sake, don ya riga ya yanke shawara tun daga ɗakinsu, na gani a fuskarsa. Wannan karon na san inda zan tsaya. Na janye hannuna na ce, “Riƙe abarka.”

Ya daɗe a sunkuye da ita haka. Sannan ya kwantar da ita a kan gado kusa da cinyata, ya sa matashi ta ɗaya gefen, ya fita ya bar mu. Ta kama ɗan yatsana ta kai baki. Mun yi hira mai tsawo, ni da ita. Na gaya mata ubanta mutumin kirki ne, taurin kai ne kawai, kuma ba daga wajen uwarsa ya samo ba.

Kada ka ce mini ai an shirya ke nan, alhamdu lillahi. Na faɗa, kuma ina faɗa. Amma ranar da nake da hannu biyu lafiyayyu na miƙa, leƙe aka ba ni. Sai da na karye aka yarda da ni. Kafin wata huɗu ta fara zama, ta fara ƙiwa, ta zama wata yarinya daban. Wannan ta yanzu, 'yar mitsitsiyar da kowa a layinmu ya ɗauka, ni ba zan taɓa sanin nauyinta ba. Na tambayi tsohuwa, ta ce kamar kaza. Na tambayi surukata, ta karanto mini lamba daga katin asibiti. Ba abin da nake tambaya ba ke nan.

Saboda haka ka rufe shagon nan kwana biyu, masu kaya ba za su mutu ba. Ka taho da mai ɗakinka da yara, ka gaya wa mai walda, da duk wanda ya rage a cikin 'yan ajinmu, ko da sanda yake tafiya. Wurin kwana ba zai gagara ba. Ku zo ku ga riɗin, ku ga waken da ke inda riɗi ya kamata ya kasance, ba zan ɓoye ko ɗaya ba. Ku zo ku ga hancin nan ku raba mu gardama da tsohuwa. Kai kuma da ka shekara arba'in kana auna mutane, ka zo da hannunka biyu ka ɗauke ta a gabana, ka daɗe da ita, ka gaya mini yadda take. Ku yi sauri, kullum ƙaruwa take yi.

Naka har kullum,
Mai Sarƙa